Sarauniyata a Bakin Dokin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a Gaya ba, kuma ko na so in manta, matan garinmu Gafasa ba za su bar ni ba. Kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama. Har an fara cewa wai na jefi mutum da takalmi (ƙarya ne, takalmina yana ƙafata daga farko har ƙarshe). To gara in rubuta da hannuna yadda aka yi, tunda yanzu Allah ya sa na iya.

Ni ban yi karatun boko ba sai da na haura sittin. Jikokina duk sun riga ni. Ajin yaƙi da jahilci aka buɗe mana a makarantar firamare bayan la'asar, mu goma sha wani abu, yawancinmu tsofaffi. Malamarmu sunanta Malama Saratu, kuma baiwar Allahn nan ta sha fama da mu. Ta koya miki abu yau, gobe ki dawo kin bar shi a gindin murhu. Rannan sai ga ta da wani katako mai gida-gida, fari da baƙi, na mijinta. Ta ce darar Turawa ce, ces ake kiranta. A gindin katakon akwai haruffa takwas, a gefe lambobi takwas. Ta ce duk wadda za ta motsa ɗa sai ta faɗi harafi da lambar gidan da za ta ajiye shi. Wai dabara ce ta koya mana karatu. Karatun ya shiga, ba na musu, amma faɗan wasan ya fi shiga.

Sunayen 'ya'yan da ta faɗa mana ba su zauna a bakinmu ba, sai muka raɗa namu. Sarki da sarauniya da doki muka bar su yadda suke. Na kusurwa muka ce rumbu, don da shi ya yi kama. Mai tsinin kan nan da ke tafiya a karkace muka ce mai hula. Ƙananan da ke jere a gaba kuwa sojoji. Abin da ya fara burge ni, sarkin nan bai iya komai ba, taki ɗaya yake yi ya tsaya yana haki, matarsa ce ke zaga gari tana aiki. Na ce wa Malama wanda ya ƙirƙiro wasan nan ya taɓa kwana a gidanmu. (Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne, amma abin da na gani na faɗa.)

Wata rana Malama ta nuna mana wata buɗa, wato yadda ake fara wasa, mai taki huɗu. Ta ce ta nuna mana ne don mu san yadda za mu kare kanmu in an yi mana ita. Ni rabin farkon maganar na ji. Ga yadda take. Ki tura sojan gaban sarki gida biyu. Ki fito da mai hula ya leƙa. Ki fito da sarauniya can gefen katako kamar mai zuwa unguwa. In abokiyar wasanki ba ta farga ba, sai sarauniya ta faɗa kan sojan nan da ke tsaye a kafaɗar sarkinta, mai hula yana tsare mata baya. Shi ke nan, an kulle sarki, wasa ya ƙare, kokon da kika zuba ko hucewa bai yi ba.

Da wannan buɗa na yi wata bakwai ina cin matan Gafasa. Iya Abu, ƙawata tun muna 'yan mata muna tallar fura, na ci ta da ita ya fi sau talatin, kullum a gida ɗaya, kullum kuma sai ta ce, "Au! Yau ma nan?" Kuma ni ke ɗaukar farare ko da yaushe, don farare ke fara wasa, ni ce kuma babba a ajin. Wa zai miƙo mini baƙaƙe? Malama takan ce, "Inna, ki koyi wata buɗar mana. Wannan duk wanda ya san wasa zai tare ta." In ce, "Malama, abin da ke ci mini wasa kike so in bari? Ranar da ya daina ci ki zo mu yi magana."

Sai ga labari an yi wa mijin Malama canjin wurin aiki zuwa Kano. Malama za ta bi shi, katako kuma nasa ne, zai bi su. An ce za a turo wata malamar ta ci gaba da karatu, amma ces ya ƙare ke nan. A ranar, ajinmu kamar gidan makoki. Kar ku yi dariya. Mace ta shekara hamsin tana daka da surfe da wanki, ba ta taɓa zama ta yi wani abu don daɗinsa kawai ba sai da katakon nan ya zo. Akwai wadda ciwon gwiwa ke hana ta zuwa biki, amma bai taɓa hana ta zuwa aji ba.

Malama ta ce akwai hanya ɗaya. Za a yi gasa a Gaya, ta 'yan koyo na Gaya da Ajingi, wani ɗan garin mai hali ya ɗauki nauyinta. Kowa wasa uku zai yi, duk wanda ya ci biyu za a ba shi sabon katako da 'ya'yansa. Kafin ta rufe baki na ce a rubuta sunana. Na ce, "Biyu kawai? Taki takwas ke nan. Ku share inda za ku ajiye shi." A gaban kowa na faɗa, har da dukan ƙirji.

Akwai abin da ya kamata ku sani kafin mu isa Gaya. Ina da 'ya da ke aure a can, Ladidi. Mijinta malamin makaranta ne, shekararsu goma sha tara da aure. A shekarun nan ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci yana gani ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In ya zo gaisuwa a bakin ƙofa yake tsugunnawa, ni ina daga ciki. In zan yi zancensa sai in ce "na Gaya". Ni da aka sani da baki, ni da na taɓa wanke mai unguwa tas a kan akuya, wannan kunyar guda ɗaya na riƙe ta da kyau, har a garinmu ana ba da misali da ni. Ban gaya wa Ladidi zan zo ba, don na san abin da za ta ce: "Inna, da girmanki?"

Asabar da safe muka hau a-daidaita-sahu, ni da Malama da Iya Abu. (Ta ce ta zo ta riƙe mini jaka. Gulma ta zo ɗauka.) A ɗakin taron wata makarantar sakandare aka yi abin. Tebura a jere, maza zalla, malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikata, kowane tebur da katakonsa da wani agogo mai fuska biyu da ake duka kamar ana kashe sauro. Wai kuma ba a magana in ana wasa. Mu a Gafasa da zagi muke yinsa, shi ne rabin daɗin.

Alƙalin wasa, wani dogo mai tabarau, ya dube ni ya ce, "Hajiya, wa kika rako?"

Na ce, "Kaina na rako. Duba takardarka."

Ya duba, ya sake dubana, ya miƙo mini takarda da biro. Ya ce in rubuta sunana da na abokin wasana, da duk takin da aka yi. A nan kam na ji daɗi, don dama ina son a ga rubutuna.

Wasan farko aka ba ni farare, aka haɗa ni da wani dattijo daga Balan, tsohon malamin gona, da carbinsa a hannu. Ya ce, "Hajiya, za mu yi a hankali, ba na son in ɓata miki rai." Na ce Allah ya saka. Soja. Mai hula. Sarauniya. Ya fito da dokinsa yana murmushi, wai zai kore ta. Na faɗa. Ya daɗe yana duban katakon, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake duba. Na ce, "Alhaji, gogewa ba za ta tashe shi ba, ya riga ya tafi." Iya Abu ta rangaɗa guɗa daga bakin ƙofa, saura kaɗan alƙali ya kore ta. Mutane suka taso daga teburansu suna leƙe, ni kuwa na ƙi mayar da 'ya'yan don kowa ya gani da kyau. Ina ta jin kaina, ban san tallar sirrina nake yi ba.

Wasa na biyu aka haɗa ni da wani mai gyaran babur, magidanci, da baƙin mai a faratansa. Ina zama sai na ga baƙaƙe a gabana. Na kama katakon zan juya shi, alƙali ya riƙe.

Na ce, "Ɗan nan, an yi kuskure, ni farare nake yi."

Ya ce, "Hajiya, bi da bi ne. Kin yi fari, yanzu baƙi."

Na ce, "Na haifi wannan. Ya za a yi ya riga ni farawa?"

Ya ce a nan ba a duba shekaru. Na ce ai na lura.

To ban taɓa riƙe baƙaƙe ba a rayuwata. Sai na ce a raina, buɗa ai buɗa ce. Ya tura soja, na tura. Ya fito da doki, ban ko kalle shi ba, na fito da mai hula. Ya fito da ɗaya dokin, na ɗauki sarauniya na kai ta gefe inda na saba, na saki. Sai a lokacin na ga dokinsa na farko yana kallonta. Na miƙa hannu in dawo da ita, don mu a gida ana mayarwa, musamman in ni ce. Alƙali ya ce wanda aka saki an saki. Mai gyaran babur ya ce, "Ki yi haƙuri, Baba," ya tsince ta da yatsa biyu kamar ya cire kusa daga taya. Bayan nan ban san me zan yi ba, don ni duk wata bakwai ɗin nan ban taɓa ganin taki na biyar ba. Na yi ta tura sojoji suna mutuwa har ya gama da ni.

Ɗaya na ci, ɗaya an ci ni. Saura ɗaya, kuma dole in ci shi, in ba haka ba in koma Gafasa da jakata kawai. Aka tashi sallar azahar. Malama ta ce in kwantar da hankalina, wannan karon farare za a ba ni, kuma da wanda shi ma ya ci ɗaya ya faɗi ɗaya za a haɗa ni. Bayan salla aka manna takarda a bango. Na je na sa yatsa ina bi har na sami sunana, na bi layin zuwa ɗaya gefen, na haɗa haruffan ɗaya bayan ɗaya. Wallahi da ban iya karatu ba da na sami ƙarin minti biyar na kwanciyar hankali.

Na ce a raina masu sunan nan ai suna da yawa a Gaya. Na je na zauna. Sai na ji mutum ya zo ya tsugunna a gefen teburin, a ƙasa, a gaban jama'a.

"Inna, ina wuni."

Na ja mayafi na rufe fuska har haɓa. "Lafiya lau. Ya mutanen gidan?"

"Lafiya lau, Inna."

Surukina ne, na Gaya. Ashe tun shigowata ya gan ni, ya koma can ƙarshen ɗaki ya juya baya, yana ta addu'a kar a haɗa mu. Ashe kuma shi ne ke koya wa malaman makarantarsu wasan, wanda ya ci shi a zagaye na biyu ma da ƙyar ya ci shi. Duk Iya Abu ce ta ba ni wannan labarin daga baya. Abin da ba ta gaya mini da wuri ba shi ne, lokacin da aka tashi salla ta tare shi a bakin famfo ta zazzage masa komai: tafiyar Malama, katakon, matan Gafasa, har dukan ƙirjin da na yi.

Alƙali ya ce, "Malam, tashi ka hau kujera mana." Ya tashi ya ɗosana a bakin kujerar kamar akwai ƙaya a kai. Ya yi ƙasa da murya ya roƙi a canza mana. Alƙali ya ce ba a canzawa. Ya ce to ya janye. Alƙali ya ce in ya janye ba za a lissafa wa Hajiya cin wasa ba, sai an buga. Ni dai ina zaune a karkace, fuskata tana kallon taga, ido ɗaya a waje.

Sai maganar takarda. Wurin sunan abokin wasa na rubuta "Na Gaya". Alƙali ya leƙo ya ce, "Hajiya, rabin ɗakin nan na Gaya ne." Na soke na rubuta "Mijin Ladidi". Ya karɓi biron ya rubuta da kansa.

Aka danna agogo. Na tura soja. Ya tura nasa (hannun kawai nake gani). Na fito da mai hula. Ya fito da doki. Na kai sarauniya gefe. Yanzu duk wanda ke ɗakin nan ya san abin da nake nema, ya kuma san taki ɗaya ake yi a tare ni. Sai mutumin nan ya miƙa hannu can ƙarshen katako, inda babu faɗa babu komai, ya tura wani soja gida ɗaya. Ya danna agogo a hankali kamar yana tsoron ya tashe shi daga barci.

Ƙofa a buɗe. Taki ɗaya ya rage. In ɗauki sarauniya in ajiye, katako ya zama na matan Gafasa. Hannuna har ya tashi da kansa.

To a nan ne shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni. Da mai gyaran babur ne ya bar ƙofar nan da na faɗa ba sallama. Amma wannan ya gani, na san ya gani, kuma kowa ya san ya gani. Na ji wani a bayana ya yi 'yar dariya ta hanci. Na hango Iya Abu a bakin rijiya tana cewa, "Ai surukinta ne ya ba ta." Ni? A ba ni a gaban maza kamar mai bara? Na sauke hannu, na je can ƙarshen katako ni ma, na tura nawa sojan gida ɗaya. Na doki agogo.

Ya je ɗaya ƙarshen ya tura wani sojan. Ƙofa tana nan a buɗe. Ni ma na je ɗaya ƙarshen na tura nawa. Ya tura. Na tura. Haka muka yi ta yi kamar masu shuka gyaɗa a gefen gona, sarauniyata tana tsaye, sarkinsa yana jiran mutuwa, ba mai taɓa su. Mutane suka bar wasanninsu suka kewaye mu. Malama tana can ta dafe kai da hannu biyu. Iya Abu kuwa tana ta raɗa da ƙarfin da ake ji har waje: "Ci mana! Ke, ci mana, don girman Allah!"

Da na ga sojojin gefe sun kusa ƙarewa, sai na ce bari in gwada shi in gani. Na ɗauki sarauniya na cinye sojansa na tsakiya, na ajiye ta daidai bakin dokinsa. Ko jikata 'yar shekara shida ta san doki zai ci ta a nan. Kuma daga inda take tana kallon sarkinsa, dole ya yi wani abu. Ya daɗe. Sai ya ɗauki mai hularsa ya tare gaban sarki, ya bar ta. Na motsa wani abu daban, na bar ta a wurin. Ya dubi doki, ya dubi sarauniya, ya koma gefe ya tura soja.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na yaye mayafin, na dube shi ido cikin ido, karo na farko a shekara goma sha tara, na ce da muryar da nake korar awaki da ita:

"Kai Sa'idu! Makaho ne kai? Ga sarauniya a bakin dokinka tun ɗazu! Ka ci ta mana! Ni ba na son sadakarka, ka yi wasa yadda kake yi da kowa!"

(Tunda na riga na faɗe shi a gaban rabin Gaya, ban ga amfanin ɓoye shi a takarda ba.)

Ɗakin nan ya yi tsit. Agogunan kawai ake ji. Dattijon Balan ya tsaya da carbinsa a sama. Iya Abu ta ce, "Innalillahi," a hankali, amma na ji daɗin da ke cikin muryarta. Sai a lokacin kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa. Na koma na zauna, na lalubi mayafin na mayar, amma me kuma ya rage a rufe? Alƙali ya ce, "Hajiya, ba a magana." Na ce, "Na gama."

Shi kuwa kansa a ƙasa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ya ce, "To, Inna."

Ya ci ta.

Ban taɓa ganin yaro mai biyayya irin wannan ba. Na ce ya yi wasa yadda yake yi da kowa, kuma wallahi bai rage komai ba. Ya ci mai hulata. Ya ci doki. Ya ci rumbu. Duk wanda ya ɗauka sai ya ce a hankali, "A yi haƙuri, Inna," ya ajiye shi a gefe da hannu biyu kamar yana ajiye ƙwai. Ni ko rubuta takin na daina yi. Ba a jima ba ya kulle mini sarki a kusurwa, ya sauka daga kujera ya sake tsugunnawa, ya ce, "Allah ya ƙara girma." Wane girma?

Da aka zo rabon kyauta aka kira sunansa, wanda yanzu kowa ya san na sani. Ya karɓi katakon sabo fil a cikin jakarsa, ya fita ta ƙofar baya bai waiwayo ba.

A hanyar komawa, Iya Abu ce ta yi magana tun daga Gaya har Gafasa. "Taki ɗaya. Taki ɗaya, baiwar Allah. Ni da kika ci sau talatin a gidan nan, yau an buɗe miki shi kin tsaya shukar gyaɗa." Can kuma ta ce, "Ashe dai kin san sunan. Ni na ɗauka mantawa kika yi." Har mai a-daidaita yana dariya, ban san me ya sani a ciki ba.

Malama ta tafi da katakon mijinta ranar Laraba. Matan aji suka zana gidaje a ƙasa da tsinke, suka tara tsakuwa da ƙwallon dabino, kullum sai an yi faɗa a kan wane dutse ne sarauniya. Ba wadda ta zage ni. Gara ma a ce sun zage ni. In na shigo sai su matsa mini wuri, su ce, "Inna, ga farare," su tura mini tsakuwa.

Ni kuma ina ta jira. Na ce yaron nan yana da hankali, zai aiko da katakon. Mako ɗaya shiru. Mako biyu shiru. Da Ladidi ta zo ganin gida, bayan ta gama yi mini kukan abin kunyar da na jawo mata a gari, na ce, "Wai shi na Gaya, me yake yi da katako biyu a gida?" Ta ce, "Inna, sau uku yana ɗaure shi a bayan babur yana kwancewa. Ya ce kin faɗa a gaban jama'a ba kya son sadakarsa. Yana tsoron in ya aiko ki kira sunan babansa."

Haka na sake hawa a-daidaita na tafi Gaya, ni kaɗai wannan karon. Na zauna a tsakar gidansu a kan tabarma ina kallon bango, shi yana tsugunne taki uku daga inda nake yana kallon ɗaya bangon, Ladidi a tsakiyarmu.

Na ce, "Ladidi, ce masa matan Gafasa suna gaishe shi."

Ta ce masa. Ya ce yana amsawa.

Na ce, "Ce masa suna wasa da tsakuwa."

Ya ce, "Ce wa Inna katako yana nan. Ban dai san da wane suna zan aika shi ba, tunda sadaka ba ta karɓuwa."

Na daɗe ina kallon bangon nan. Na ce, "Ce masa ko da wane suna ne, a sa mini a jaka."

Abin da aka miƙo mini a taki huɗu ina zaune, sai da na yi mako uku da tafiya biyu da roƙo kafin na kai shi gida. Yanzu ina koyon wasa da baƙaƙe, Iya Abu ta ci ni sau biyu, duk garin ya sani. Ga abin da na koya kuwa, in akwai tsohuwa mai baki irina da ke karanta wannan: in surukinki ya bar miki sarkinsa a buɗe, ki kulle shi tukuna, ki karɓi kayanki ki tafi gida. Faɗan ki aika masa daga baya ta bakin 'yarki, ai don haka kika ba shi ita.